Ranar da Abarci ya kai Rhissa gaisuwa

Abarci taubashina ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, shi ya sa tun muna yawo ba wando yake ce mini Ɗangoggo, har sunan ya bi ni tashar Dakoro ya danne na yanka. Ni direba ne, ina da wata tsohuwar kat-kat da nake jigilar ƴan kasuwa da awakinsu zuwa ƙauyuka. Shi kuwa soja ne, liyetna, wato laftanan, kuma likitan da ba ya riƙe allura. A takarda ana ce wa aikinsa sikolog. Idan mutanen gida suka tambaye ni ma'anar wannan, sai in ce ana biyan shi ne ya zauna ya saurari mutane, aikin da ya ƙware a kai tun kafin a fara biyan shi.

Ba sharri na yi masa ba. Muna yara a ƙauyenmu kusa da Ajekoriya, idan aka tara mu ana binciken wanda ya saki maruƙa suka shanye nono, kowa rantsuwa yake yi yana nuna wani, shi sai ya tsaya yana kallon ƙafafun mutane. Daga baya ya same ni ni kaɗai ya ce ya san ni ne, amma ba zai faɗa ba. Wannan hali ya daɗe yana ba ni haushi. Mutum ya san laifinka, ya ƙi tona ka, ya kuma ƙi mantawa, kai ke nan kullum kana jin nauyinsa.

Da aka sa shi lakol, wato boko, a Dakoro, wajen wani tsoho Maraya aka ajiye shi, mutumin da ake kira ranar kasuwa ya duba dabba kafin a saye ta. Maraya ba ya fara buɗe bakin saniya ko ya matsa cikinta kamar sauran. Nesa yake tsayawa, ya jingina da sanda, ya duba wadda ta ware daga garke, wadda ta daina tuƙa, wadda ƙuda ke sauka a idonta ba ta kore shi. Sai ya gama wannan kallo yake matsawa. Abarci ya sha gaya mini cewa ya yi lise, babbar sakandare, a Maraɗi, ya yi jami'a a Yamai, ya karanta littattafan da suka fi ni nauyi, amma rabin aikinsa a gindin sandar Maraya ya koye shi. Na ce ashe wahalar banza aka sha wajen kai shi Yamai.

Abin da ya kai shi soja kuwa wani maƙwabcin Maraya ne, Mahamadu, wanda ya dawo daga bakin daga ba ko ƙwarzane a jikinsa. Aka yi ta barka. Shekara ba ta zagayo ba ya daina magana da kowa, matarsa ta tafi, ƙarshe a bayan tasha yake wuni yana zana ƙasa da tsinke. Abarci kan kai masa fura idan ya zo hutu. Bai taɓa ce mini saboda shi ne ba, amma ni na san taubashina.

Ranar da ya fara zuwa gida da kaki, uwarsa ta tara maƙwabta masu ciwon gwiwa da masu jiri, don an ce mata ɗanta ya zama likitan soja. Ya zauna ya saurare su ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ya tura su asibiti, bai ba kowa ko ƙwaya guda ba. Suka fita suna cewa yaron kirki ne, sai dai karatun bai kama shi ba. Amma na lura washegari biyu daga cikinsu sun dawo, kuma ba maganar gwiwa ta kawo su ba.

Can inda ake kai su, sansanin da ba ya faɗa mana sunansa, shi kaɗai ne ga ɗaruruwan mutane. Da farko an ba shi biro, wato ofis, da tebur da kujeru biyu, aka manna takarda a ƙofa. Wata biyu yana zaune ba wanda ya leƙo. Sojoji suka sa masa suna likitan mahaukata. Ba wauta ba ce tasu: kowa na tsoron a gan shi ya shiga ɗakin nan a ce kansa ya taɓu, a karɓe masa bindiga, a tsallake shi ranar ƙarin galo, wato ƙarin girma. Namiji zai yarda ya nuna maka harsashi a cinyarsa, amma ya ce maka wata uku ke nan barci ya gagare shi, ko faɗuwar murfin tukunya na sa shi ya kwanta ƙasa, wannan ya gwammace ya mutu da shi. Sai Abarci ya kulle biron ya koma inda ake wanki da inda ake facin taya. Ya sayi sabulunsa yana wanke kakinsa da hannunsa, shi liyetna guda. A nan, kafaɗa da kafaɗa, ba mai kallon idon wani, magana take fitowa.

Wahalar ba ta ƙare nan ba. Manyansa mutane suke so a kan mota, don aikin ya fi ƙarfin hannun da ke akwai, kuma su ma suna da gaskiyarsu. Sukan ce ya ba su sunayen waɗanda ba su da lafiya, shi kuma ya san ranar da ya ba da suna guda, bakin kowa ya rufe ke nan. Idan ya ce a hutar da wani, an rage hannu. Idan ya ce mutum lafiya yake, ya kuwa kuskure, to da bindiga a hannu ya mayar da shi. Hanyar da suke bi mai nakiya shi ma ita yake bi, a mota ɗaya da su, kuma wanda ya saurara da safe wani lokaci shi ake yi wa salla da yamma. Duk abin da aka zuba masa a kunne ba shi da inda zai juye shi. Matarsa Hawa ta ce mini idan ya zo gida yakan yi kwana biyu yana gyaran dangar da ba ta lalace ba kafin ya dawo mutum.

Labarin da zan bayar ba daga bakinsa na ji shi ba, da sai in tsufa ina jira. Da idona na gani, kuma Rhissa, wanda abin ya shafa, shi ya ce in faɗa ko wani zai amfana.

Bara da bazara Abarci ya zo parmisiyo, hutun kwana goma bayan wata goma sha ɗaya. Ranar Laraba, kwana huɗu da zuwansa, muna zaune ƙofar gida ina tsokanar shi kan tumbin da ya ƙi fito masa duk da galo, waya ta shigo. Kapiten ɗinsu ne. Wani kaporal mai suna Rhissa, direban mota, ɗan wajen Azagor, ya tafi hutun mako biyu bai koma ba, kwana tara ke nan da cikar wa'adinsa, wayarsa a kashe. Kapiten ya ce ya rufa masa asiri iyakar ƙoƙarinsa. Idan safiyar Litinin ta yi ba a gan shi a layi ba, dole ya aika takarda sama, a rubuta shi cikin waɗanda suka gudu, jandarmomi su je su ɗauko shi. Ƙarshen wannan kowa ya san shi: kaso, da tuɓe kaki, da sunan matsoraci da zai bi shi har jikoki. Daga Dakoro zuwa sansanin tafiyar kwana biyu ce. Ke nan in ba a hau kar, babbar motar fasinja, ta safiyar Asabar ba, magana ta ƙare.

Abarci ya ajiye wayar ya daɗe yana murza goshi. Sannan ya gaya mini abin da kowa a sansanin ya riga ya sani. Wata biyu baya motar da Rhissa ke tuƙi ta taka nakiya, mutum ɗaya ya rasu, Attaher, abokinsa tun na kiwo, wanda suka shiga soja rana ɗaya. Bayan abin Abarci ya zauna da duk waɗanda ke cikin motar. Rhissa ya yi masa murmushi ya ce lafiya lau, ƙaddara ce, shi kuma ya sa hannu a bar shi ya je gida, yana ganin iskar gida za ta yi masa magani. Ya ce murmushin nan ya kamata ya tsayar da shi, bai tsaya ba, don a ranar mutum goma sha ɗaya ke jiran shi. Ban taɓa jin ya ɗora wa kansa laifi da baki ba sai ran nan. Ya ce in zuba mai, gobe da sassafe za mu arewa. Na ce motata ba ta jandarma ba ce. Ya ce shi ya sa ya zaɓe ta, ba wanda zai gan ta ya ji tsoro, sai dai tausayi.

Ya bar kakinsa a rataye, ya sa tsohuwar riga da rawani. Muka wuce Azagor, muka yanki rairayi muna tambaya zango zango, da hantsi muka iske rijiyar zangon su Rhissa. Gaba arba'in ne zurfinta. Mutum ɗaya ke tsayawa a baki yana tarar wasaki, babban gugan fata, wani kuma ya ja raƙumi da igiya ya yi nisa da ita, sai na baki ya yi kira sannan ya juyo. Garke garke ke kwance cikin rana suna jira, kowane gida da lokacinsa, kuma a kan wannan lokaci ana iya fasa wa mutum kai.

Mutumin da ke bakin rijiyar shi ne Rhissa. Dogo ne, ya rame, tafin hannunsa duk ya tsage ya ɗaure da tsumma. Ya ga Abarci, ya gane shi, wasakin ya kusa kuɓuce masa. Abarci ya yi masa sannu da aiki irin wadda ake yi wa kowa, ya naɗe hannun riga ya kama ɗaya kunnen wasakin, suka juye a komin shayar da dabbobi tare. Ni kuma ya nuna mini raƙumi. Ni da ko da jaki ban taɓa shiri ba, na wuni ina bin wani amale mai baƙar zuciya, gaba da baya, rairayi na gasa mini ƙafa, ina tsine wa taubasantaka a raina. Har rana ta karkata ban ji Abarci ya ambaci sansani, ko kapiten, ko Litinin ba. Ruwa kawai suke ja.

Da magariba muka sauka wajen kawun Rhissa, wani dattijo Mainassara. Ya ce tun ranar da Rhissa ya sauka rijiya ya nufa. Ya shayar da dabbobin gidansu, ya shayar da na maƙwabta, har baƙi masu wucewa yakan ba su lokacin gidansu, abin ya fara jawo surutu. Shi kansa kuwa sai an matsa masa yake kurɓa. Mutane sun fara cewa iska ce ta taɓa shi a can, an kawo rubutu ya sha, ba canji. Abarci bai kushe rubutun ba, ya ce a ci gaba da shi. Sai ya tambaya ko Rhissa ya je gaisuwa wajen mahaifiyar Attaher. Dattijon ya sunkuyar da kai. Ya nuna wani tudu da haɓarsa, ya ce tantin Mata, uwar Attaher, ga shi can baya, idan tana daka ana jin taɓaryarta daga nan, amma fiye da kwana ashirin ke nan Rhissa bai taka wurin ba.

A nan na fara gane abin, ni ma mai kaurin kai. A wajenmu wanda ya ga mutuwar mutum a nesa, nauyi ne a wuyansa ya zo ya gaya wa iyaye yadda ta kasance: wace rana, da wane lokaci, ya samu kalmar shahada ko bai samu ba, wa ya yi masa wanka, ina aka sa shi. Motar soji ta zo ta kawo sanarwa da jakar Attaher, amma takarda ba ta amsa waɗannan. Rhissa kaɗai ke da amsar. Ita kuma Mata ba za ta aika a kira shi ba, ko ya zo ma ba za ta tambaya ba, domin Attaher ɗan farinta ne. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma ta su Mata ta fi tamu tsanani. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba, ranar da aka kawo labarin ma ba a ga hawayenta ba. Ga mai labari ya kasa zuwa, ga mai jiran labari ba ta da bakin tambaya. Shi kuma ba zai iya komawa bakin aiki ya bar wannan a bayansa ba. Duk wanda ya ce gudu ya yi bai san mutanenmu ba. Abin da ban gane ba shi ne me ya hana shi hawan tudun.

Juma'a da safe suka sake kama wasaki. Wajen guga na goma, daidai na dawo da raƙumi kusa, na ji Abarci yana gaya masa maganar Litinin yadda take, bai rage ba bai ƙara ba, har da jandarmomin. Rhissa ya ce ya sani, su zo. Abarci bai yi gardama ba. Ya ce to, shi dai yau zai je ya yi wa Mata gaisuwa, don shi ma ya san mamacin, sai dai baƙo ne, kuma baƙo namiji ba ya faɗa wa tantin mace ba tare da ɗan gida ya yi masa iso ba.

"Kai ni bakin tanti kawai," ya ce. "Ba sai ka ce komi ba. In ka aje ni ka komo rijiyarka."

Rhissa ya dubi tudun, ya dubi igiya. Zai iya ƙin kapiten, zai iya ƙin jandarma, amma baƙon da ya wuni yana ja maka ruwa ya ce ka nuna masa hanya, wannan ba a ƙin shi. Ya miƙa wa wani wasakin. Ƴar tafiyar nan da ba ta kai a ɗaura takalmi dominta ba, sai da muka tsaya sau uku.

Mun iske Mata zaune a inuwar tanti tana kaɗa nono a gorar da aka rataye. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙin zane. Rhissa ya yi sallama da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta, ya ce ga baƙi. Ta amsa ba ta ɗago ba, ta juya mana rabin baya, ta nuna tabarma. Abarci ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, muka shafa. Rhissa ya yunƙura zai tashi. Sai Abarci ya ciro kaye da bik, littafin rubutu da alƙalami, daga aljihu.

"Inna, ki yi mini aikin gahwara," ya ce. "Akwai tambayoyin da nike son yi ma wanga mutum bisa abin da ya hwaru ran nan. Rana ta yi zahi, babu wata inuwa kusa. Ki bari mu yi su nan."

Ta ce inuwar ba tata ba ce, ta Allah ce, su zauna. Gora ta ci gaba da kaiwa da kawowa.

Abarci ya dubi Rhissa ya ce in bai so, su tashi yanzu, ba komai. Rhissa bai tashi ba. Sai ya fara a hankali, da tambayoyin da ba su da ƙaya. Wace rana ce? Talata. Da wane lokaci? Bayan hantsi. Sun karya kumallo? Sun sha shayi, Attaher ne ma ya dafa, ya cika sukari yadda ya saba. Ba mai kallon tsohuwar. Abarci na kallon kaye, Rhissa na kallon tabarma, ni ina kallon takalmina. Duk mun san tambayoyin nan nata ne, baki kawai ya ara mata. Ya tambayi wanda ya yi wanka, mutum nawa suka yi salla, ina kabarin yake, ko akwai ice kusa da za a gane shi. Rhissa ya ce akwai wata aduwa. Ya samu shahada? Ya samu, sau biyu. Na saci kallon kayen, ban ga ya rubuta ko harafi ba.

Sai Abarci ya rufe shi ya ce, "Akwai abin da ban tambaya ba?"

Daga rijiya ina jin kukan raƙuma. Da Rhissa ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce.

"Ruwa ya roƙe ni, mon liyetna. Sau ukku. Bidon ruwa na hannuna, cike. Infirmiye ya ce raunin ga ciki yake, kar a ba shi ko ɗigo har mota ta zo. Ya kira sunana, ya ce Rhissa, ruwa. Na hana mishi. Ni da anka haihwa bakin rijiya."

Gorar ta tsaya.

Ni direba ne, na ga haɗari iri iri, amma ban taɓa jin maganar da ta taɓa ni kamar wannan ba. A ƙasar nan ko wanda kuka yi faɗa da shi jiya ya zo rijiya da ƙishirwa, sai ya sha kafin a ci gaba da faɗan. Mutumin da ya hana ruwa ba a zama inuwa ɗaya da shi. Wannan ne Rhissa ya ɗauko tun daga can, ya yi murmushi a kansa, ya zo da shi har gindin tudu ya kasa hawa.

Abarci ya ce masa infirmiye, ma'aikacin jinyarsu, gaskiya ya faɗa, mai irin wannan rauni ba a ba shi ruwa, kuma da shi ne a wurin shi ma da ya hana. Sau ɗaya ya faɗa, bai nanata ba. Daga baya ya ce mini ya san maganarsa ba za ta yi wani tasiri ba, don Rhissa ya riga ya san wannan a kansa. Wadda za ta iya kwance shi tana zaune ta ba mu baya, kuma shi bai san abin da za ta yi ba. Tana iya tashi ta shige tanti. Da ta yi haka, in ji shi, da ya ƙara wa mutumin ciwo da hannunsa.

Ba ta tashi ba. Ta yi magana tana kallon gorar.

"Baƙo, tambai shi. Da ya hana mishi, tashi ya yi ya bar shi?"

Abarci ya juya ya maimaita tambayar yadda ta yi ta, kamar Rhissa bai ji ba.

"Ban tashi ba. Kainai na bisa cinyata. Na jiƙa bakin rawanina ina shahwa mishi ga leɓe, har ya cika."

Tsohuwar ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta kwance gorar, ta tsiyaya nono a ƙwarya, ta turo ta baya da hannu ɗaya ba ta waiwayo ba, har ƙwaryar ta taɓa gwiwar Rhissa. Ya ɗauka da hannu biyu, ya sha yana kuka, nono na zuba a gemunsa. Ni ma kuka na yi, ba zan ɓoye ba.

"Gaya mishi na ji," ta ce. "Kuma gaya mishi motar soji ta zo nan sau guda, ta ishe mu. Kar shi bari ta komo neman wani."

Ashe maganar jandarmomi ta riga mu zuwa tantin.

Bayan azahar Rhissa ya fito da jakarsa, kawunsa ya raka mu har mota yana sa albarka. Kada wani ya ɗauka warkewa ya yi a ranar. Da na ce ya karɓi tuƙi ya hutar da ni, tunda shi ne direban gwamnati, fuskarsa ta canza nan take, Abarci ya taka mini ƙafa har sai da na ji a kaina. Na kama bakina har muka yi nisa.

Kafin Azagor akwai wani tudu inda reso ɗin waya ke kamawa. Abarci ya ce in tsaya, ya hau, na bi shi don in miƙe ƙafa. Ya kira kapiten. Da Faransanci suka fara, ina tsintar kaɗan kaɗan. Ya ce mutuminsa na tafe, za su hau kar ɗin safe tare, shi ma ya yanke hutunsa don ya shiga da shi da ƙafarsa. Ya ce kada a sa shi gaban mota yanzu, a bar shi a gareji, zai rubuta wannan ya sa hannu. Ina jin kapiten yana tambayar me ya same shi, me ya ce, tsoro ne ko mene ne. Abarci ya ce abin da kaporal ya gaya masa na kaporal ne. Kapiten ya ce to shi me zai rubuta a kan kwanakin nan da aka ɗora, dole ya rubuta wani abu. Sai Abarci ya juye Hausa.

"Rubuta gaisuwar mutuwa ya tsaya yi, mon kapiten. Ta ɗan'uwanmu. Mu duka ya yi ma ita."

Can ɓangaren aka ce Allah shi kawo su lafiya.

Da ya kashe wayar sai ya zauna daɓas a kan rairayi ya dafe kai, na ga gumi ya jiƙe bayan rigarsa sharkaf. A lokacin na gane yadda ya ji tsoro a tantin nan. Na ce masa ya yi aiki. Ya ce in bari sai sun isa. Ina alfahari da taubashina, ko da yake idan ya ji na faɗi haka zan ce ƙarya aka yi mini.

Asabar da safe na kai su tasha. Hawa ta haƙura da kwana ukun da aka yanke mata, ta ƙulla musu guzuri na mutum biyu. Rhissa ya yi wata huɗu a gareji yana kwance inji, yana zuwa wajen wanki duk mako, kafin ya sake zama gaban mota, kuma har yau ya ce akwai ranakun da ba su da kyau. Amma Lahadi da la'asar suka shiga sansani da ƙafarsu, safiyar Litinin aka kira sunansa a layi ya amsa. Takardar nan ba a aika ta ba.